Sawun da Bai Juya a Kan Dunduniya Ba

Ranar wata Juma'a da hantsi, bayan ruwan asuba ya ɗauke, Tsoho Saw ya dawo daga shan kofinsa ya tarar da gurbi a kan kantar shagonsa. Agogunan teku biyar ya bari a jere, kowanne cikin akwatinsa na jan katako, sai ga huɗu. Huɗun nan na jiragen ruwan da ke tsaye a tashar tsibirin Pinang ne, gyara aka kawo su. Na biyar shi ne na gida: tsohon agogo da wani gwani ya ƙera da hannu a Ingila tun kafin a haifi kakan kowa a unguwar, wanda uban Saw ya tsamo daga wani jirgi da ya dagargaje, ya raya shi. Da shi ake auna gaskiyar sauran. Shi ne ya yi ɓatan dabo, ƙofar baya kuwa tana buɗe.

Kafin tsohon ya gama ihu, unguwa ta riga ta yanke hukunci. Velu mai amalanken gawayi ya shigo ta ƙofar bayan nan da safe ya sauke buhu. Velu kuwa bara ya fito daga kurkuku, inda ya yi zaman sara da ya kai wa wani a faɗan mashaya. Bisa sharaɗi aka sake shi: ko ƙarar satar kaza aka kai, zai koma ya ƙarasa shekarunsa. Aka tare shi a bakin kasuwa, aka jawo shi har ƙofar shagon, riga a yage, leɓe a fashe.

Kyaftin Zubir, tsohon matuƙin jirgi da ke zaune a ƙarshen layin, shi ya gitta sandarsa tsakanin Velu da jama'a.

"Ku ja da baya, 'yan bani na iya! Saw, shekara nawa muna shan kofi a tebur ɗaya? Ka ba ni zuwa gobe. Mutumin nan ya kwana a gidana, in ya gudu ka kama ni."

Tsoho Saw ya daɗe yana huci. Hannayensa duka biyu suna cikin hannun rigarsa, kamar mai jin sanyi.

"Gobe in rana ta take tsaka," ya ce, "in babu agogona a kan kantar nan, ofishin 'yan sanda zan nufa, kuma sunansa zan kira."

*

Guat, 'yar tsohon, bazawara ce mai kimanin shekara arba'in da biyar da ke riƙe masa gida. Ita ta je kiran Saja Unting.

Unting mutumin kogunan Sarawak ne, can ƙetaren teku. Sojoji suka ɗauko shi yana saurayi a zamanin yaƙin daji, don ya bi musu sawun waɗanda suka ɓuya a dawa. Da yaƙi ya ƙare ya yi aure a Pinang, ya binne matarsa a nan, ya zauna. Babu wanda ya taɓa jin ƙasa ta yi masa ƙarya, kuma ba ya murna da hakan. Ya san abin da masu yabonsa ba sa so su tuna: mai bin sawu ba ya riƙe bindiga, yatsa kawai yake nunawa, amma inda yatsan ya tsaya a nan kuka yake sauka.

Ta same shi yana ɗinkin taru a inuwar gidansa.

"Kawu Saja, don girmanka ka zo ka duba layin bayanmu. Ka gaya musu ba Velu ba ne."

"Ke kin san ba shi ba ne?"

"Mutumin da ke share ƙurar gawayinsa da hannu kafin ya fita, shi zai yi wannan?"

Unting bai ɗaga kai daga tarun ba. "In na ce ba shi ba ne, za su ce to wa? Ƙasa ba ta ba da rabin labari, 'yata. In na tambaye ta, duka za ta faɗa."

Guat ta kalli teku. Can ta ce, "Ka zo dai."

*

Layin baya siriri ne, ba kwalta, ruwan asuba ya bar shi da laka mai laushi kamar ƙullu. Jama'a suka biyo shi ɗuu, Ah Pui mai kofi a gaba, tumbinsa na share masa hanya.

"Saja, nan fa ba daji ba ne," in ji Ah Pui. "Ɓarawon birni ba ya barin kashi a hanya kamar aladen dawa."

"Matsa can, Ah Pui. Ƙafar nan taka mai kama da faranti ta riga ta cinye mini rabin shaida."

Aka yi dariya, aka matsa. Unting ya tsuguna, ya karkata kai yadda haske zai kwanta a kan lakar. Ga ƙafafun amalanke sun shigo sun fita, ga tafin Velu ba takalmi, mai faɗi, yatsu a baje. A kansu kuma ga wani sawu daban da ya fito daga ƙofar Saw: takalmin katako, irin wanda ake zubewa a kowace ƙofar baya a layin, kowa ya zura ya fita. Taku gajeru ne, kowanne daidai da ɗan'uwansa, tafi yana sauka gaba ɗaya ba dunduniya ta fara ba. Babu alamar gaggawa ko kaɗan.

Ya bi shi har kwanar da layin ya karya ta bayan famfo. A nan ya tsaya, ya daɗe a tsaye. Duk mutumin da ya zo kwana yakan yanke ta, ko ya murza dunduniya ya juya. Mai takalmin nan bai yi ko ɗaya ba. Ya zagayo ne a hankali, ya zana baka mai faɗi kamar jinjirin wata, har ya gwammace ya shiga ruwan kwata alhali ga busasshiyar ƙasa kusa da bango. Daga nan sawun ya hau kwalta ya ɓace.

"Wanda ya ɗauki akwatin bayan Velu ya fita," ya ce wa jama'a. "Takalminsa a kan sawun Velu yake. Kuma bai kai Velu nauyi ba."

"Ya dawo ya sa takalmi mana!" in ji Ah Pui. "Wanda ya yi karatu a kurkuku ai ya fi mu dabara."

"Ya kuma ajiye rabin namansa a gida?"

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Tsoho Saw ya ce daga bakin ƙofa, "Ban kira ka ka wanke kowa ba, Saja. Agogo nake so, ko suna."

*

Cikin shagon akwai sanyi da ƙanshin mai. Agogunan huɗu suna ta ƙas-ƙas, kowanne rataye cikin zobban tagulla biyu, yadda duk karkatar da jirgi zai yi fuskarsa sama take kallo. Da aka zo maganar abin da ya ɓata, fushin tsohon ya koma wani abu mai kama da begen masoyi.

"Kai mutumin daji ne, ba za ka gane ba. A tsakiyar teku babu dutse, babu itace. Da agogon nan kaɗai mutum zai san inda yake a bayan duniya. In ya yi ƙaryar minti ɗaya, jirgi ya hau dutse da mutanensa. Shi ya sa ba a taɓa hannuwansa, ba a matsar da shi gaba ko baya. Halinsa ake koya. Nawa kuwa na san halinsa fiye da na matata, Allah ya ba ta hutu. A cikinsa akwai sarƙa da za ta shige kafar allura. Akwai wani harshen ƙarfe, sirantarsa ta gashin gira, wanda ke sakin haƙori ɗaya-ɗaya. Hannu ne ya goge shi da sanda da gari, wata da watanni. Numfashi mai ƙarfi ma karya shi yake yi."

"Wa ke buɗe shi?"

"Wa kuwa? Ni. Man da ke ciki ya tsufa. Litinin ɗin nan na shirya zan warware shi in wanke."

Unting ya nuna wasu akwatuna biyu a ƙarƙashin kanta, an lulluɓe su da ƙyalle. Ba su da motsi.

"Waɗannan fa?"

"Harshensu ya karye wajen wanki. Ƙarfen banza ne, na bayan yaƙi."

Guat ta shigo da shayi ta ajiye, idonta a ƙasa. Unting ya ɗauki nasa. Tsohon bai taɓa nasa ba, har ya huce. Hannayensa ba su fito daga hannun rigar ba ko sau ɗaya.

"Wa ya taɓa nuna kwaɗayinsa?"

"Pasqual, mai sayar da tsofaffin kaya ga baƙin otal. Ya zo ya fi sau nawa, na kore shi. Jiya ma ya zo."

"Wa kuma ke shiga nan kamar gidansa?"

"Zubir. Kullum sai ya zo ya daidaita agogon aljihunsa, ya cika ni da surutu."

*

Shagon Pasqual cike yake da fitilun jirgi da tangaran da gumakan da aka tsufar da su da ruwan shayi. Unting yana shiga idonsa ya faɗa kan wani akwatin jan katako mai kusurwoyin tagulla, an tura shi bayan labule amma gefensa ya leƙo.

"Saja! Shigo, shigo. Takobin kakanka ka kawo mini? Turawa na son mai gashi a jiki."

"Me ke bayan labulen nan?"

Fuskar Pasqual ta sauya, sannan ya tuntsire da dariya. Ya jawo akwatin da hannu ɗaya, ya wulwula shi a kan tebur kamar mai juya faranti, ya buɗe. Sigari ne a jere a ciki.

"Ba na Saw ba ne. Agogon da ke ciki tuni na sayar wa wani Bajamushe, akwatin na mai da shi gidan sigari. Abu ɗaya, ciniki biyu. Abin da na gaya wa tsohon can ke nan, ya kusa jifana da kujera. Ka ɗauka ni zan shiga kwata da takalmin katako? Dubi ƙafata, fatar Italiya ce."

"Ina kake da safe?"

"Coci, wajen jana'izar surukina. Limamin ma ya ga hawayena, kuma ya san na ƙarya ne."

Unting bai tsaya neman limami ba. Ya ga yadda hannun nan ya wulwula akwatin, ya tuna bakan da ke kwanar famfo, ya san ba jini ɗaya ba ne. Abin da bai sani ba shi ne dalilin bakan.

*

Da la'asar sakaliya ya isa gidan Kyaftin Zubir. Velu na zaune a dandamali, ga kwanon shinkafa da miyar kifi a gabansa, ƙudaje sun fi shi ci.

"Saja, kai ma ka zo ka shinshina ni?"

"Warin gawayi kawai kake yi. Ci abincinka."

"In ci ya bi ta ina?" Velu ya nuna maƙogwaronsa. "'Yata tana goye aka tafi da ni. Da na dawo, gudu take yi in ta gan ni. Watan jiya ta fara ce mini baba. Watan jiya, Saja. In suka mai da ni, na rantse da kanta gawata za su fitar."

Unting bai ba shi haƙuri ba, don ba shi da wanda zai bayar tukuna. Ya tsuguna a tsakar gida, ya zana kwanar famfo da yatsa, ya zana bakan, ya ɗiɗɗiga gajerun taku a kansa.

"Kyaftin, wane irin mutum ne ke tafiya haka?"

Kyaftin ya leƙo, ya ƙura ido. Sai ya jingine sandarsa, ya ɗauki tukunyar shinkafa da hannu biyu, ya riƙe ta nesa da cikinsa, ya fara takawa kamar mai ɗauke da wuta a tafin hannu. Da ya zo kusurwar dandamali ya zagaye ta a hankali, kafaɗunsa ba su motsa ba.

"Haka?"

"Haka."

"Mari uku na sha kafin na koye ta! Ina ƙaramin jami'i, ni ake ba agogon jirgi in kai gyara. A cikinsa akwai wata da'ira da ke kaiwa da komowa, ita ce zuciyarsa. Ka ɗaga shi, ka sauke shi, ba komai. Amma ka juya da shi farat ɗaya, kamar yadda kowa ke juyawa, sai zuciyar ta yi tuntuɓe, ko ta tsallake, ko ta tsaya, wani sa'in har harshen ya tafi. Don haka mai ɗauke da shi ba ya juyawa a kan dunduniya. Zagayowa yake yi kamar jirgi mai lodi." Ya ajiye tukunyar, fuskarsa ta yi nauyi. "Unting, wanda ya yi sata don ciniki runguma zai yi ya ruga. Wannan da ransa ya ɗauke shi. Yana so ya ci gaba da tafiya."

"In yana so ya ci gaba da tafiya, me zai yi masa?"

"Zai wana shi da mabuɗi gobe ƙarfe takwas na safe, kamar kullum."

"In bai yi ba, mutuwa zai yi?"

"A'a, yana kai kwana biyu. Amma in ka sauya masa sa'a, tafiyarsa ta sauya, halin da aka yi shekaru ana koya ya rikice. Mu da aka horar da mari ba ma iya bari. Ko gawar uwarka ake wanka, takwas na yi za ka ji hannunka yana neman mabuɗi."

"Su wa suka san tafiyar nan a unguwar?"

"Ni da Saw. Bai taɓa ɗaukar yaron shago ba. Ɗansa ya tafi Ostareliya yana cire wa Turawa haƙora." Kyaftin ya zaro ido. "Kai! Ni kake kallo? A gidana, bayan ka sha kofina?"

"Kai ka ƙirga, ba ni ba. Gobe kafin takwas ka kawo Velu shagon. Ka aika wa Pasqual da Ah Pui su ma su zo."

Kyaftin ya ƙirga mutum biyu. Unting, a hanyarsa ta komawa, ya ƙirga uku, ya so a ce bai iya ƙirga ba. Yana iya cewa sawu ya ɓace a kwalta, kuma ba ƙarya ya yi ba. Da haka wani gida zai rufa asirinsa. Amma asirin da za a rufe da mutum mai rai ba rufin asiri ba ne, binnewa ce. Ya san hanyar da zai bi, bai kuwa ji daɗin saninta ba.

*

Da safe suka hallara: Tsoho Saw a kujerarsa, Guat tsaye kusa da labulen ciki, Kyaftin da Velu a benci, Pasqual yana fifita da hularsa, Ah Pui ya toshe rabin shagon. 'Yan unguwa suka cika tagar waje. Unting ya kulle ƙofar gaba, ya kulle ta baya, ya zuba mabuɗan a aljihu, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango.

"To, Saja, faɗi sunan," in ji Ah Pui. "Ruwan kofina na kan wuta."

"Bar shi ya tafasa. Ba mai fita sai na ce."

Takwas ta buga. Tsoho Saw ya miƙe, don agogunan jirage huɗu ba su san an yi sata ba. Ya juya wa mutane baya yadda jikinsa zai kare hannayensa, ya kifa agogo na fari cikin zobbansa, ya kai mabuɗi. Kowa ya ji ƙarfe yana ƙwanƙwasar ƙarfe, kaf-kaf-kaf, kafin mabuɗin ya sami kafa. Kyaftin ya sunkuyar da kai. Ah Pui ya sami abin kallo a rufi.

Unting ba fuska yake kallo ba, ƙafafu yake kallo, don fuska ta iya ƙarya tun tana yarinya, ƙafa kuwa ba ta taɓa koya ba. Na Pasqual suna rawa irin ta mai gundura. Na Kyaftin a miƙe suke. Na tsohon, da ya gama ya zauna, suka kwanta lamo kamar na wanda ya sauke farilla. Na Guat kuwa, tun da takwas ta buga, yatsunsu suka juya suka fuskanci ƙofar baya. Babban yatsan hannunta da manuni suna murza gefen zanenta zuwa hagu, su saki, su sake murzawa.

Aka zauna. Rana ta hau. Pasqual ya yi barazanar lauya, ba wanda ya tanka. Da tara ta gota, Guat ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Kawu Saja, bari in je kasuwa. Kifi zai ƙare."

"A ci wake yau."

Jim kaɗan ta sake cewa, "Gwaggo ba ta da lafiya. Na yi mata alkawarin zuwa da safe."

Unting ya miƙe a hankali, kamar wanda shekarunsa suka hau shi yanzu-yanzu. Ya zaro mabuɗin ƙofar baya ya miƙa mata.

"Je ki, 'yata. Kin riga kin makara masa."

Ba ta karɓa ba. Ta dubi mabuɗin, ta dubi Velu, sai ta durƙusa a gaban ubanta.

"Yana gidan Gwaggo, Baba. Cikin kabad, na kewaye shi da matasai. Bai tsaya ba."

Agogunan kanta suka ci gaba da ƙas-ƙas ɗinsu.

"Ke?" Muryar tsohon ta fito kamar ana jan ƙarfe a dutse. "Ke da na ciyar, na aurar, na karɓa da kika dawo? Wa za ki sayar wa?"

"Ba sayarwa zan yi ba."

"To don me?"

"Litinin za ka buɗe shi, Baba."

"Sai me?"

Idonta kawai ya sauka kan akwatunan nan biyu da ke lulluɓe a ƙarƙashin kanta. Tsohon ya bi idonta da nasa. Ya dubi Kyaftin, abokinsa na shekaru, Kyaftin ya kau da kai. Ya dubi Ah Pui, wanda ya daɗe yana cika masa kofi rabi-rabi don kada ya zube, ba tare da an roƙe shi ba. A nan ya gane cewa rawar hannun da yake ɓoyewa a hannun riga, unguwa duka ta daɗe da gani, shi kaɗai aka bari da asirinsa.

Da ya yi magana, ba muryar uba ba ce, muryar mai sana'a ce.

"Kin kulle zobban kafin ki ɗaga?"

"Na kulle."

"A kwana fa?"

Unting ne ya amsa. "Ba ta juya ba, Maigida. Ta gwammace ta shiga kwata."

"Wa ya koya miki?"

"Ba kowa. Shekara talatin ina shara a bayanka."

"Kuma wa zai wanke shi, in ba ni ba?"

Ta ɗago kai, hawaye na zuba, amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Ni, Baba. In ka zauna kusa da ni ka gaya mini inda na kuskure."

Tsohon ya rufe ido. "Tashi ki tafi. Fiye da sa'a guda yana jira, ke kina nan kina kuka."

Ta karɓi mabuɗin, ta nufi ƙofa. Velu ne ya tsayar da ita, ba da hannu ba, da magana.

"Uwar ɗakina." Ta tsaya. "Jiya kina tsaye a nan suka fasa mini baki."

"Na sani. Na ɗauka Kawu Saja zai wanke ka ba tare da…"

"Na kwana ina tunanin abin da zan gaya wa 'yata. Ke kin kwana kina tunanin agogo."

Ta haɗa hannuwa ta sunkuya masa har ƙasa, irin sunkuyon da ake yi wa magabata, sannan ta fita.

Unting ya buɗe ƙofar gaba. 'Yan taga suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna da aikin da ya bari. Tsoho Saw ya juya ga Velu, yana neman kalmomi a inda bai saba ajiye su ba.

"Na zalunce ka. Faɗi abin da kake so."

"Ba na son komai daga aljihunka, Maigida." Velu ya miƙe ya gyara yagaggiyar rigarsa. "Da rana tsaka aka jawo ni ta titin nan, kowa na kallo. Amalankena yana bakin kasuwa inda suka yar da shi. Ka zo mu je mu ɗauko shi tare. Ka kama hannu ɗaya, in kama ɗaya, mu turo shi ta gaban kowane shago har nan. Wanda ya ga jiya ya ga yau."

Kyaftin ya buɗe baki zai nema wa tsohon sassauci, Unting ya taɓa masa gwiwa, sai ya fasa.

Suka tafi su biyu, dogo da gajere. Unting ya tsaya a ƙofar shagon yana hango su. A bakin kasuwa Velu ya tayar da amalanken, ya kama hannun dama, ya jira. Tsoho Saw ya dubi titin, cike da masu saye da sayarwa da suka bar abin da suke yi suna kallo. Sannan ya zaro hannunsa daga cikin riga. Yana karkarwa kamar ganye a bakin ruwa, kowa na gani. Ya ɗora shi a kan itacen da gawayi ya baƙanta, ya riƙe.

"Tura, Maigida," in ji Velu. "A hankali. Ba inda muke sauri."